Yadda Na Koyi Zanen Gora da Baƙar Tawada a Guangzhou

Mahaifina ɗan Kantin Kwari ne, daga cikin waɗanda suka gaji da aika saƙo suka tare a birnin Guangzhou na ƙasar Sin don su riƙa tsayawa a kan kayansu da kansu, tun daga masana'anta har loda kwantena. Ba kowa ke kai iyali ba, saboda wahalar biza da tsadar haya, amma shi ya kai mu. Mun zauna a Xiaobei, unguwar da Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa, 'yan Mali da Gini da Nijar da namu na Arewa, ga gidajen abincin halal na Musulmin Sin ko'ina. Ban kai shekara goma ba a lokacin. Ranar Asabar kowane yaro a ajinmu yana da inda ake kai shi, wani kiɗa, wani lissafi, wani iyo, ni kuwa ina gida ina damun Umma. Maƙwabciyarmu ce ta gaya mata akwai wani tsoho da ya yi ritaya daga koyarwa, yana tara yara a wani ɗaki a saman bene yana koya musu guohua, zanen gargajiya na ƙasar. Kuɗin ba yawa, wurin ba nisa. Shi ke nan aka rubuta sunana.

Wanda ya tsaya ya ga gwani ya zana gora cikin 'yan mintoci zai ce ai wannan wasan yara ne, layi kaɗan, baƙi da fari, ko launi babu. Sai da na zauna a ajin nan na tarar yawancin aikin ana gama shi ne tun gashin alƙalami bai taɓa takarda ba, a wurin niƙa tawada da auna ruwa da yadda aka ɗora tawadar a jikin gashin. Idan waɗannan suka daidaita, zanen kansa ɗan lokaci ne. Idan ba su daidaita ba, to babu gyara, don wannan takarda ba a goge ta, ba a kuma rufe ɓarna da wani fenti kamar yadda ake yi a zanen Turawa.

Laoshi, haka muke kiransa kamar kowane malami a can, ya rubuta wa Abba jerin kaya ya ce a je titin Wende, inda shagunan alƙaluma da masu sa wa zane firam suke jere. Kayan huɗu ne, Sinawa na ce musu taskoki huɗu na ɗakin karatu: alƙalamin gashi, sandar tawada, takarda, da dutsen niƙa. Kowanne da garin da ya yi suna a kai. Alƙalami sai na Huzhou a lardin Zhejiang. Tawada sai ta Huizhou, takarda sai ta gundumar Jing, duka biyun a lardin Anhui. Dutsen kuwa kusa da mu yake, a Zhaoqing, kamar kilomita 100 yamma da Guangzhou, inda ake haƙo dutsen Duan tun zamanin daular Tang. Abba ya ɗauki wani mai launin hanta da aka sassaƙa wa gajimare a baki, ya tambayi kuɗi, ya mayar da shi inda ya ɗauko ko tayawa bai yi ba, abin da ban taɓa ganin ya yi a kasuwa ba. Muka sayi na 'yan makaranta, zagayayye mai murfi. Alƙalami kuwa biyu: fari na gashin akuya, mai laushi da riƙe ruwa, da wani ja-ja na gashin wutsiyar wata 'yar dabba mai kama da tunku, mai tauri, wanda idan ka danna shi ka ɗaga yake miƙewa da kansa. Sabon alƙalami a sandare yake zuwa saboda an shafe shi da danƙo. A ruwa mai ɗumi-ɗumi ake jiƙa shi ya saki, ba a ruwan zafi ba, kuma duk ranar da aka gama aiki a wanke shi a rataye, bakinsa na kallon ƙasa.

Makonnin farko ba mu zana komai ba. Niƙa muka yi ta yi.

Za ka ɗiga ruwa kaɗan a kan dutse, ka riƙe sandar tawada a tsaye cak, ka riƙa juya ta a hankali da nauyin hannu ɗaya. In ka yi gaggawa tawadar ta fito da tsaki-tsaki. In ka karkata, sandar ta cinye ta gefe guda. Alamar ta yi ita ce ka ja sandar ka ga ta bar hanya a kan dutse, hanyar kuma ba ta rufe nan take ba. Ba a barin sanda tsaye a kan jiƙaƙƙen dutse, don danƙonta na iya kamawa har ya ɓamɓaro fuskar dutsen. Ita sandar ba komai ba ce illa baƙin hayaƙi da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, aka sa ɗan abin ƙamshi, aka daka, aka zuba a mazubi ta bushe. Wadda aka yi da hayaƙin itacen song, mai ganye siri-siri, baƙinta ba ya sheƙi. Wadda aka yi da hayaƙin mai tana sheƙi, ita masu zane suka fi nema. Kafin mu bar Kano na yi makarantar allo, don haka abin bai zame mini baƙo ba: tamu ma baƙi ne da ƙaro, tasu baƙi ne da danƙon fata. Sai dai tamu an yi ta ne don a wanke, tasu kuwa idan ta bushe a takarda, ko an jiƙa ba ta motsi.

Akwai ta kwalba, wadda ba sai an niƙa ba. Wadda ta fi suna ita ce Yidege ta Beijing, da aka fara yi tun 1865, kuma iyaye da yawa ita suke saya wa 'ya'yansu don hutawa da wankin riga. Laoshi ya yarda da ita a atisayen rubutu, amma ban da zane. Hujjarsa wai niƙa na kwantar da numfashin yaro. Wataƙila. Ni abin da na gani shi ne wanda ya niƙa da hannunsa ya san kaurin tawadarsa tun kafin ya tsoma alƙalami, na kwalba kuwa sai ya gwada ya gani. Yau ta kwalbar nake amfani da ita yawancin lokaci, ban kuma ga aibunta ga mai atisaye ba, amma wanda bai taɓa niƙa ba zai daɗe bai gane ruwa ba.

Daga niƙa sai surki. Kowa da farin faranti da kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta. Sinawa na cewa baƙar tawada launi biyar gare ta, daga ƙonanniya wadda kusan babu ruwa a cikinta, zuwa mai kauri, zuwa matsakaiciya, zuwa mai haske, zuwa wadda kamar ruwa ce zalla sai ta bushe za ka ga inuwarta. Sai mu jera su a takarda layi-layi, Laoshi yana zagayawa yana nuna inda biyu suka zama ɗaya. Wahalar ita ce tawada jiƙaƙƙiya ta fi busasshiya duhu, dole ka hango yadda za ta koma bayan ta sha iska.

Riƙon alƙalamin ma karatu ne. A tsaye ake riƙe shi da yatsu biyar, tafin hannu a buɗe, wuyan hannu a sama bai taɓa tebur ba, motsin yana fitowa daga gwiwar hannu da kafaɗa. Laoshi yana da wata ɗabi'a: ya lallaɓo ta baya ya fizgi alƙalamin mutum sama. In ya zare, tafinka ya yi baƙi ƙirin, aji ya fashe da dariya. Labari ne da kowane yaron Sin ya sani, ana cewa haka babban marubucin nan Wang Xizhi ya gwada ɗansa Wang Xianzhi a ƙarni na 4, alƙalamin bai zare ba. Muka yi ta kwafar haruffan Yan Zhenqing, na zamanin Tang, masu kauri da tsayuwa, a kan maobian, wata takarda rawaya mai araha da ake yi da gora. A wurinsu rubutu da zane uwa ɗaya uba ɗaya suke, wanda bai iya jan layi a harafi ba ba zai iya jan ganye ba.

Zanen farko da aka ba mu shi ne lan, wata ciyawa mai dogayen ganye da ɗan ƙaramin fure mai ƙamshi. Tana cikin tsirrai huɗu da suke kira mutanen kirki huɗu: ita, da gora, da furen mei mai fitowa cikin sanyi tun reshe bai yi ganye ba, da furen ju na kaka. Ganyen lan ja ɗaya ne, ba a ɗaga hannu. Ka dasa bakin alƙalami, ka ja, ka danna ganyen ya yi faɗi, ka sassauta ya siranta inda ya murɗe, ka sake dannawa, sannan ka ɗaga a hankali har ya ƙare siriri. Kowane sashe da sunansa: kan ƙusa, cikin ƙoƙi-ƙoƙi, wutsiyar ɓera. Ganye na biyu yana gitta na farko su bar ɗan fili mai tsini biyu, wanda suke kira idon fenghuang, tsuntsun tatsuniyarsu. Na uku ya zo ya ratsa idon. In ka iya waɗannan ukun, sauran ƙari ne. Furen kunne biyar ne da tawada mai haske, sai a ɗiga baƙi mai kauri a tsakiya tun bai gama bushewa ba.

Akwai lambun lan a titin Jiefang Bei, ana ce masa Lanpu, katanga ɗaya da tsohuwar maƙabartar Musulmi inda baƙi da yawa ke sallar Juma'a. Musulmin Sin suna danganta kabarin da ke wurin ga Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu sun ce a Madina aka binne shi. Lokacin hutu, in an idar da salla, Abba kan biya da ni lambun. A nan na ga lan ta gaskiya a tukwane, ganye cunkus, babu wani idon tsuntsu da ya fito fili. Ashe mai zane zaɓa yake yi, ya ɗauki biyar ko bakwai ya watsar da sauran.

Gora ita ce na fi daɗewa a kai, ita ce kuma har yau hannuna ya fi sakewa da ita. A wurinta ne ɗora tawada ya zama komai. Za ka jiƙa alƙalamin akuya da ruwa mai tsabta, ka matse a tsumma, ka mirgina shi cikin tawada mai haske har cikinsa ya sha, sannan ka taɓa baƙi mai kauri da bakinsa kawai. Yanzu gashi ɗaya na ɗauke da launi uku. Ka kwantar da shi a gicciye, ka fara daga ƙasa: danna, ja sama, tsaya, danna, ɗaga. Gaɓa ɗaya ke nan. Ka bar ɗan farin fili, ka sake. Gaɓoɓin ƙasa gajeru, na tsakiya dogaye, na sama su sake gajarcewa. Da yake gefe ɗaya na gashin ya fi duhu, sai sandar ta fito a mulmule ba tare da ka yi mata wata inuwa ba. In ruwa ya fara ƙarewa hannu kuma na gudu, gashin ya kan rabu ya bar farin zare-zare a cikin baƙin. Yara kan tsorata su koma su cike, Laoshi kuwa ya buga tebur, don wannan farin shi ake nema, shi ke nuna taurin gora. Daga nan a ɗaure mahaɗar gaɓoɓi da ɗan layi mai duhu, a fitar da rassa daga mahaɗa, wannan dama wancan hagu.

Ganyen gora kishiyar na lan ne. Da alƙalami mai tauri ake yin sa, da tawada mai duhu, da sauri: shiga da baki, danna, fizge. In ka yi jinkiri ya kumbura ya zama ganyen wani abu dabam. Ana tara su uku-uku kamar harafin 个 ko huɗu-huɗu kamar 介, a jibga wasu kan wasu, na gaba masu duhu, na baya masu haske. Tsofaffinsu na cewa a zana gora cikin fushi, a zana lan cikin farin ciki, kuma wai gora rabin rayuwa take ci, lan kuwa rayuwa ɗungurungum. Laoshi kan ba mu labarin Wen Tong, gwanin gora na zamanin daular Song, wanda ɗan'uwansa mawaƙi Su Shi ya rubuta cewa sai gorar ta cika a ƙirjin mai zane kafin ya ɗauki alƙalami. Da kuma Zheng Banqiao na Yangzhou, a ƙarni na 18, wanda ya ce daga inuwar gora a jikin tagar takarda da farin bango ya koya. Wata rana sai ga Laoshi da gora a tukunya, ya kashe fitilar ɗaki, ya haska ta da tocila a jikin bango. Inuwar ba ta da kore, ba ta da jijiyar ganye, sai siffa da duhu da haske. Darasin da ya fi zauna mini ke nan a duk zamana a ajin.

Duk wannan a kan maobian muke yi. Ranar da aka ba mu takardar xuan ta gaske, sai muka koma kamar ba mu taɓa riƙe alƙalami ba. Ana yin ta da ɓawon wani itace da suke kira qingtan da karan shinkafa, sana'ar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009. Ɗari-ɗari ake sayar da ita, falle mafi yawa a kasuwa tsawonsa kamar santimita 138 ne, faɗinsa 69, Laoshi kan yayyanka ya raba mana. Iri biyu ce. Akwai dafaffiya, wadda aka shafa wa alif da danƙo don kada ta sha ruwa, ita ake zanen gongbi da ita, mai siririn layi da launi bisa launi. Akwai kuma ɗanya, ta zanen xieyi, na sakin hannu irin namu, wadda ke shan ruwa kafin ƙiftawar ido. Ɗigo ɗaya in ya yi yawa sai ya bazu ya yi kan-sarki. Dole a shimfiɗa bargon ulu a ƙarƙashi, don tawadar na ratsawa ta fita ta baya.

Ɗanyar takarda tana da wani hali da sai an gaya maka: layin da ka fara ja shi ke zama a sama. In ka ja wani ya gitta shi, ruwan na farkon ya riga ya cika zaren takardar, sai ya bar ɗan farin baki tsakaninsu, na biyun ya koma kamar yana baya. Saboda haka abin da ke gaba shi ake fara zanawa. Sannan ga yanayi. Wajen watan Maris akwai lokacin da iskar kudu ke kawo laima Guangzhou, bango ya yi ta gumi, wanki ya ƙi bushewa. A kwanakin nan takarda ta riga ta sha nata ruwan daga iska, awon da ya yi maka daidai a watan Disamba sai ya zama ambaliya. Laoshi ba ya ba da ƙa'ida. Kowa da guntun takarda a gefe, ka taɓa ka gani kafin ka taɓa ta gaske.

Hanyar koyarwar kwafa ce tsantsa. Laoshi ya zana a gabanmu, ya manna a bango, mu kwafa har sai ya ce ya isa. Littafin da muke bi shi ne Jieziyuan Huazhuan, wanda aka sa wa sunan wani ɗan lambu a Nanjing. Kashinsa na farko, na duwatsu da itatuwa, ya fito a 1679, na su lan da gora kuma a 1701. Yana nuna komai daki-daki, yadda ake ganye ɗaya, yadda ake biyu, yadda ake tara su. Qi Baishi, wanda aka haifa a 1864 a Xiangtan ya rasu a 1957, kafinta ne, a gidan da ya je aiki ya ga littafin ya ara ya kwafe shi, daga nan ya zama wanda ya zama. Don haka ba na cikin masu raina kwafa. Yaron da aka ce ya zana abin da ke ransa alhali hannunsa bai san komai ba, an bar shi ne kawai. Amma na ga illarta ma. A ajinmu akwai waɗanda suka shekara da shekaru, gorarsu ba ta da makusa, amma ka ajiye musu ganyen da babu shi a littafi sai su tsaya suna kallonka. Ana danganta wa Qi Baishi kansa cewa wanda ya koya daga gare shi zai rayu, wanda ya kwaikwaye shi kuwa ya mutu.

Sunan Qi Baishi ne ma ya kawo magana a gidanmu. Abin da yara suka fi so shi ne 'yan tsaki da jatan lande irin nasa, don ɗigo kaɗan ne sai ga abu kamar zai motsa. Ranar da na kawo 'yan tsaki gida, Umma ta juya takardar ta ce, "Wannan kuma fa?"

Na ce, "Umma, 'yan tsaki ne, kowa shi aka ba shi."

Ta ce, "To ke ba kowa ba ce. Bari Abbanku ya dawo."

Abba bai tsawaita ba. Ya kawo hadisin da Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane in dai dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya ce malamai sun yi maganganu a kan mas'alar, amma shi a gidansa a nan ya tsaya. Ranar Asabar ya raka ni da kansa ya yi wa Laoshi bayani da guntun Sinancinsa na kasuwa. Tsohon ko a jikinsa. Ya ce ai manyan masana na da can ma duwatsu da ruwa da gora suka ɗauka a kan komai, yarinya ba ta yi asarar komai ba. Daga ranar, in ana 'yan tsaki ni ina furen ju, ko duma a jikin yaɗonsa, ko ganyen bado. Kallo dai ban daina ba. Jatan landen Qi Baishi darasin ruwa ne: jikin da tawada mai haske gaɓa-gaɓa, sai a ɗiga baƙi a ka tun yana jiƙe ya narke a ciki, gashin baki kuma ja ɗaya. Ba ya zana ruwan da suke ciki ko kaɗan, amma kowa ya kalla ya san a ruwa suke.

Launi ya zo a makare, bai kuma ɗauke mu lokaci ba. Akwatin fentin kamfanin Marie's mai launi 12 kowa ke da shi. Shuɗin daga shuni ake samo shi, rawayan kuwa ƙaron wani itace ne mai guba, shi ya sa Laoshi ya hana tsotsar bakin alƙalami, ɗabi'ar da yara ke ɗauka wurin manya. In ka haɗa biyun ka sami kore. Da jar ƙasa da ja mai haske, kusan an gama. Guangzhou tana da nata salon zane, na Lingnan, wanda Gao Jianfu da ƙaninsa Gao Qifeng da Chen Shuren suka kafa a farkon ƙarni na 20 bayan sun yi karatu a Japan, su kuma ba sa tsoron launi, suna kuma matsa wa ɗalibi ya fita ya zana abin da idonsa ya gani. Tushensu wani mai zane ne, Ju Lian, wanda gidansa Shixiangyuan yake nan har yau a Haizhu ana shiga kallo. Dabararsa ita ce ya ɗiga ruwa ko farin gari a cikin launi tun yana jiƙe, ya ture shi gefe, ganye ya fito da haske a tsakiya. Da ita muka zana mumian, furen birnin, wani dangin rimi mai manyan jajayen furanni da ke fitowa a bazara reshe tsirara. In sun faɗo, tsofaffi na tsince su su shanya don miya da shayi.

Zanen duwatsu da ruwa ban yi nisa a cikinsa ba kafin mu dawo. Na dai koyi jerin aikin: a ja siffar dutse, a yi masa zane-zanen jiki, a goga busasshen alƙalami, a ɗiga ciyayi, a ƙarshe a wanke da tawada mai haske. Hazo da kogi da sama ba a taɓa su, farar takarda ce.

Zane bai cika ba sai da rubutu da hatimi. Laoshi ne ya sassaƙa mini nawa a ɗan dutse mai laushi, da sunan Sinanci da ake kirana da shi a makaranta. Jan da ake dangwalawa kwaɓi ne na jan ma'adini da man zurma da zaren wani ganye. Kafin a buga, sai a yanki 'yar jar takarda a riƙa matsar da ita a kan zanen har a ga inda ta zauna, don jan nan ɗaya yana iya daidaita zane ko ya kayar da shi gefe.

Saura ɗauri. Zanen da aka gama a ɗanyar takarda a yamutse yake, baƙinsa a dushe. Sai an kai wa masu ɗauri, waɗanda ke cewa zane kashi uku ne, ɗauri kashi bakwai. Na tsaya na ga yadda suke yi a titin Wende: su kifa zanen a tebur, su fesa masa ruwa, su shafe bayansa da ruwan sitacin alkama, su shimfiɗa wata farar takarda a kai, su bi ta da buroshi mai tauri, sannan su ɗaga su manna gefunan a allon bango ya bushe a miƙe. Ranar farko da na ga an jiƙa gorata sharkaf cikina ya ɗuri ruwa, amma tawadar ko gezau. Da ta bushe, launukan nan biyar suka fito kowanne daban.

A Kano ban sami mai wannan aiki ba, dole na koma yi da kaina. Fulawa nake kwaɓawa in wanke ta cikin ruwa har danƙon ya rabu, in bar sitacin ya kwanta, in dama shi, in sa ɗan alif, in tsinka shi sosai, in manna a jikin falankin katako. Takarda da alƙalami 'yan'uwa ke saƙo mini cikin kaya. Abin da ya sauya gaba ɗaya shi ne awon ruwa. Da hunturu alƙalami kan bushe ganye bai kai ƙarshe ba, tawada ta daskare a dutse kafin ka juya, takardar da aka manna kuma in ta bushe da sauri sai ta tsage daga gefe, sai an rufe tagogi an ajiye bahon ruwa a ɗakin. Damina ta fi daɗin aiki. Gara da kyankyaso na son sitaci, don haka a akwatin ƙarfe nake ajiya.

Yanzu dawa na fi zanawa. Karanta yana karɓar hannun gora, gaɓa-gaɓa daga ƙasa zuwa sama, sai dai ba a barin fili mai yawa a mahaɗa saboda kuben ganye ya rufe ta. Ganyen kuwa ja irin na lan yake so, da alƙalamin akuya cike da ruwa, ya fi faɗi, kuma yana karyewa ya rataya a tsakiya. Zangarniyar ce babu ita a Jieziyuan. Jar ƙasa nake surkawa da ɗan baƙi, in ɗiga ta da bakin alƙalami daga sama zuwa ƙasa, in jira ta sha iska kaɗan, sannan in bi da ɗigo masu duhu a gefen da nauyin ya rinjaya.